Kofi mai ƙanƙara ba tare da madara ba: wa ya taɓa haɗa shi da aya bai tsinke ba?

Ummu_Sadiq_Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman taimako. Ni mai shan kofi ce tun ina makaranta, amma madara ba ta karɓe ni ba. Da na sha sai cikina ya kumbura, ya yi ta ƙugi, wani lokaci har da gudawa. Da sanyi ina shan shi baƙi da zafinsa, ba damuwa. To yanzu ga bazara ta shigo, kun dai san yadda Sakkwato take a watan Afrilu, ƙarfe biyu na rana ko ruwan randa sai ka ji shi da ɗumi. Jiya na ce bari in gwada mai sanyi. Na tafasa ruwa, na zuba Nescafé cokali biyu, na juye shi da zafinsa cikin kunun aya da na saya da safe, na ƙara sukari, na jefa ƙanƙara. Abin da ya fito bai shawu ba. Ƙasa ya yi kauri kamar kamu, sama ruwa tsululu, sukarin ya kwanta yana ƙasa-ƙasa a haƙori, ga wani tsami-tsami. Don Allah a ina na yi kuskure? Ko kuwa aya da kofi ba sa haɗuwa ne dama?

Hajiya_Kulu_Kanwuri:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Suna haɗuwa ƙwarai. Kuskurenki guda na babba, kin zuba ruwan zahi cikin aya. Aya ba ta son wuta. Tun muna yara anka hana mu ɗora kunun aya bisa murhu, don in ya ji zahi sai ya kama jiki kamar koko. Ki bar kofin ya huce sarai kahin ki haɗa.

Abu_Hanif_Arkilla:
Maganar Hajiya gaskiya ce, kuma akwai dalili. Aya tana ɗauke da sitaci mai yawa, shi ne farin nan da kike gani ya kwanta a gindin roba idan kunun ya jima a ajiye. Sitaci idan ya haɗu da tafasasshen ruwa dahuwa yake yi, kamar dai yadda ake dama koko da kamu. To kin dafa wani sashe na kunun ne ba ki sani ba. Sai abu na biyu, tsamin da kika ji. Kin ce da safe kika saya, da rana kika haɗa. Kunun aya a wannan zafin da ke haura digiri 40, in ba cikin firji yake ba, sa'o'i kaɗan ya ishe shi ya fara juyawa. Ina kyautata zaton ya riga ya fara lalacewa kafin ki taɓa shi.

Ummu_Sadiq_Mabera:
Wallahi Malam ka faɗi daidai, tun ƙarfe tara babu wuta, a kan tebur ya wuni. Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma.

Nana_Runjin_Sambo:
'Yar uwa bari in ba ki yadda nake yi, shekara biyu ke nan ina sha kusan kullum in an shiga zafi.

Da dare nake jiƙa aya busasshiya gwangwani ɗaya, bayan na tsince tsakuwa na wanke ta sau uku ko huɗu. Wankin nan kada ki raina shi, aya a cikin ƙasa take girma, in ba ta wanku ba kunun ba ya kai yamma. Na fi son in sa jiƙon a firji in akwai wuta, in babu sai in zubar da ruwan in sake wani kafin in kwanta. A wata roba daban nake jiƙa dabino biyar ko shida na cire ƙwallayen. Da safe in haɗa su in markaɗa da ruwan sanyi gwangwani uku kacal. Ga sirrin nan: kunun sha ana sake shi da ruwa, amma wanda za ki zuba wa kofi dole ya yi kauri, don ƙanƙara za ta narke ta ƙara masa ruwa. Sai in tace da ƙyallen tata, ba rariya ba, sau biyu. In bar shi kamar minti ashirin ya kwanta, in tsiyaye na sama a hankali, farin ƙasan in bar shi.

Shi kuma kofin, cokalin shayi biyu nake narkarwa da ruwan zafi babban cokali biyu kawai, ba cikin kofi ba. Ɗan wannan ruwan cikin minti biyar ya huce. In cika tambulan da ƙanƙara, in zuba madarar aya, sannan kofin a ƙarshe. Bai taɓa tsinke mini ba. Kuma ba na sa citta da kanumfari a wannan ayar, suna danne ƙamshin kofin.

Bashir_Gawon_Nama:
Anti Nana, "ba cikin kofi ba" ɗin nan ya ɗan rikita ni sai da na sake karantawa. Ina ganin mu riƙa cewa gahawa ga abin sha, kofi ga mazubi, don masu bi daga baya.

Malam_Na_Hubbare:
Bashir ka kyauta, gahawa ita ta asalin kalmar da malamanmu sunka sani, daga Larabci. Kuma ba baƙon abu ba ne ga musulmi. Itacen daga ƙasar Habasha ya hito, amma a Yaman anka hwara shan ta yadda munka san ta yau, wajen ƙarni na 15, sufaye na sha don su samu ƙarhin raya dare da zikiri. Tashar jirgin ruwa ta Moka da ke Yaman, daga nan aka riƙa hita da ita zuwa duniya. Na kawo wanga ne don wasu na ɗauka abin Turawa na.

Zee_Minanata:
Ni dai ban yarda aya ce ta fi ba. Tana da zaƙinta da ƙamshinta, sai ka ji kamar kunun aya kake sha da aka ɗiga wa kofi. Madarar waken suya ta fi kusa da madarar shanu a baki, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba.

Maman_Ikram_Awara:
Zee, ni sana'ata ke nan, awara nake yi a Gidan Igwai, bari in ja kunnen masu son gwadawa. Madarar waken suya da kofi mai zafi, in kika haɗa su kai tsaye, awara za ki gani tana yawo a kofinki. Abin da ke sa madarar ta dunƙule mana a tukunya shi ne zafi da ruwan tsami. Kofi kuwa yana da ɗan tsami a jikinsa ko da harshe bai ji ba. Zafi ga tsami, an gama. Sai dai ki bari duka biyun su yi sanyi, kuma ki zuba kofin cikin madarar kaɗan-kaɗan kina juyawa, ba ki zuba madarar cikin kofin ba. Sannan ita saɓanin aya ce, dole ki dafa ta sosai, ta tafasa kamar minti ashirin kina kwashe kumfa. Ɗanyar madarar wake tana ɓata ciki kuma ga ƙarni. In kina son ƙarnin ya ragu, ki murje ɓawon waken ki zubar bayan jiƙo.

Zee_Minanata:
Haka ne Maman Ikram, na manta ban faɗa ba, ni ma sai ta kwana a firji nake amfani da ita.

Sadiya_Tudun_Wada:
Kwakwa fa? Ba wanda ya ambace ta. Ni ita nake kankarewa in markaɗa da ruwan ɗumi in tace. Da kofi ƙamshin ba a magana.

Abu_Hanif_Arkilla:
Kwakwa tana da daɗi, matsalarta mai. Man kwakwa yana daskarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, shi ya sa da hunturu za ka ga na cikin kwalba ya yi fari ya sandare. To ƙanƙara tana taɓa madarar sai man ya taru sama gudaji-gudaji. Ba lalacewa ya yi ba, amma ba kowa ke son ji a baki ba. Wasu suna sa ta a firji ta kwana su kwashe man da ya taso, su yi amfani da na ƙasa. Ni na fi son rubu'in kwakwa cikin markaɗen aya, kamar yadda masu kunun aya ke yi dama, sai ta ba shi maiƙo ba tare da ta rabu ba.

Aliyu_Dalibi_Dundaye:
Jama'a duk wannan wahalar ta mece ce? Ku sayi garin nan fari da ake zuba wa kofi a madadin madara, ko mai haɗi uku a leda ɗaya, ku kaɗa da ruwan sanyi. Mu a hostel haka muke yi lokacin jarrabawa.

Nurse_Asmau:
Aliyu ƙanina, a nan sai an yi hattara. Mai haɗi uku ɗin nan galibinsa akwai abin madara a ciki, ka juya bayan ledar ka karanta. Shi ma farin garin, irin su Coffee-mate, ana sa masa wani furotin da ake cirowa daga madarar shanu, za ka ga an rubuta sodium caseinate. Abin da ya kamata mu bambance shi ne matsala iri biyu ce. Akwai wanda cikinsa ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madara, wato laktos, saboda sinadarin da ke narkar da shi a hanji ya ragu bayan yarinta. Wannan shi ne kumburi da ƙugi da gudawa, irin abin da Ummu Sadiq ta kwatanta, kuma ba ciwo ba ne na kunya, kusan kashi 65 cikin 100 na manyan mutanen duniya haka suke, da bambancin tsanani. Irin wannan mutum sau da yawa farin garin ba ya damunsa, don laktos ɗin ciki kaɗan ne. Akwai kuma wanda jikinsa ke faɗa da furotin ɗin madarar kansa, ya yi ƙuraje ko kumburin leɓe ko numfashi ya toshe. Shi ko kaɗan bai kamata ya kusanci garin ba.

Ummu_Sadiq_Mabera:
Anti Nas, to me ya sa in na sha fura da nono ba na jin komai sosai, amma madarar gwangwani ko ta gari ta hana ni sakat? Har maigidana ya ce anya ba raina ne kawai ba.

Nurse_Asmau:
Ba ranki ba ne. Nono da kindirmo sun riga sun yi tsami, ƙwayoyin da ke tsamar da su sun cinye wani kaso na laktos ɗin, shi ya sa ciki ya fi ɗaukar su. Ki gaya wa maigida haka. Kuma mutane sun bambanta ta gado, Fulani makiyaya da yawa suna riƙe wannan sinadari har tsufa, shi ya sa za ki ga suna shan madarar da aka tatso yanzu lafiya lau.

Hajiya_Kulu_Kanwuri:
Allah shi yi maki albarka Asma'u. Ni shekara da shekaru ina cewa hura ba ta ɓata min ciki amma shayin madara na ɓatawa, ɗiyana na ta musu.

Dan_Kasuwa_Illela:
Ku bar maganar madara, ku zo kan zaƙi. Ni dabino nake kawowa daga Ƙonni. Don wanga aiki kada ku ɓata kuɗi kan mai laushi na kwali. Busasshen nan na Nijar da ake aunawa da kwano ya isa, in ya kwana cikin ruwa ya yi taushi kamar kowane. Sai dai ku fasa kowane ɗaya ku duba ciki, wani na da tsutsa.

Nana_Runjin_Sambo:
Gaskiya ne Alhaji. Amma ga wadda ta fi son sukari, tunda Ummu Sadiq ta yi kukan ya kwanta mata a ƙasa: sukari ba ya narkewa da daɗi cikin abu mai ƙanƙara. Ki auna sukari kofi ɗaya, ruwa kofi ɗaya, ki ɗora a wuta har ya narke ya zama garai, ki sauke ya huce ki ɗura a kwalba mai tsabta. A firji yana yin makonni. Duk sanda za ki haɗa sai ki zuba cokali ɗaya ko biyu. Na taɓa yi da mazarƙwaila ma, sai dai a tace saboda dattin da ke ciki. Ɗanɗanonta da kofi ya fi na farin sukari a wurina, akwai wani ƙamshi kamar na alewar da ta ɗan ƙone.

Baba_Mai_Ritaya:
Ina bin ku tun ɗazu. Ina da ciwon suga shekara tara. Ina roƙon masu cewa dabino da zuma da mazarƙwaila "ba su da illa" su daina, ko da ba a faɗa a nan ba, ana yawan faɗa. Duk zaƙi ne, kuma na'urar awona ba ta bambanta su sosai. Ni aya zalla nake sa wa nawa, ɗan zaƙinta ya ishe ni, kuma rabin tambulan nake sha.

Nana_Runjin_Sambo:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Mun ji kuma mun ɗauka.

Bashir_Gawon_Nama:
Ni tambayata ƙanƙara ce. Duk wannan bayani ya ginu kan akwai firji mai aiki. Unguwarmu wani lokaci kwana biyu ba a ga wuta ba. Kuma ƙanƙarar da ake sayarwa manya-manya a bakin titi ban san da wane ruwa aka yi ta ba.

Sadiya_Tudun_Wada:
Kada ka jefa irin wannan cikin abin sha, ta sanyaya kula ce kawai. Ka nemi masu firizar sola su ba ka fiya wata da ya daskare, ka wanke bayan ledar, ka fasa shi da muciya kafin ka yanka. Leda ɗaya tana isar mutum biyu.

Hajiya_Kulu_Kanwuri:
In ma babu, ka ɗura cikin kwalba ka rufe da kyau ka tsoma cikin randa, ko ka naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma ka aje inda iska ke bugawa. Ba ta yin sanyin ƙanƙara amma tana sanyin da rai ka so. Sai dai kofin kaɗai za ka yi wa haka, ayar ka markaɗa lokacin da za ka sha.

Engr_Mustapha_Bado:
Tunda an zo nan, bari in kawo wata hanya da ba a ambata ba, ga wanda ke samun garin kofi na ainihi, wato wanda aka niƙa daga ƙwaya, ba mai narkewa nan take ba. Ba sai an tafasa ruwa ba sam. Gari awo ɗaya, ruwan sanyi awo huɗu, a kwalba mai murfi, a bar shi a firji awa 12 zuwa 18, a tace da ƙyalle mai laushi. Abin da zai fito yana da ƙarfi, sai an sirka, wato rabi shi rabi madarar aya. Ɗacinsa da tsaminsa ba su kai na dafaffe ba, saboda haka ko sukarin da za ka sa ya ragu, kuma bai cika tsinka madarar wake ba. Garin ya zama mai ɗan tsakitsaki, in ya yi laushi kamar fulawa tacewa za ta ba ka wuya. Kuma a ƙasar nan ma ana noman kofi, a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba da kuma wajen Filato. Wani abokin aikina ne ya kawo mini na Mambila na fara gwadawa da shi. Wani abin kuma, in kofi ya rage, ka zuba a farantin ƙanƙara ya daskare, gobe ka yi amfani da shi maimakon ƙanƙarar ruwa, ba zai salamce ba.

Aliyu_Dalibi_Dundaye:
Injiniya wannan sai ku masu sola. Amma akwai wanda aka yi yayi a 2020 lokacin kulle, dalgona. Kofi mai narkewa cokali biyu, sukari biyu, ruwan zafi biyu, a buga har ya yi kumfa mai kauri, a ɗora kan madara mai sanyi. Zai yiwu a kan aya?

Zee_Minanata:
Yana yiwuwa sosai, kumfar ba ruwanta da madara, daga kofin da sukarin take fitowa. In ba ka da abin bugu, zuba su a robar ruwa da ba komai ciki ka girgiza da ƙarfi, ko ka yi da maburgi. Amma babban cokali biyu na kofi ya yi wa mutum ɗaya yawa, ku raba biyu.

Nurse_Asmau:
Na ji daɗi da Zee ta faɗi haka. Haɗarin mai sanyi shi ne yana wucewa kamar ruwa, mutum ya sha tambulan uku bai ankara ba. Hukumomin lafiya a Amurka da Turai sun sa iyakar sinadarin kafeyin, wato abin da ke cikin kofi mai kore barci, ga baligi mai lafiya a kan miligiram 400 a wuni, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. Kuma a tuna shayi da goro da lemun nan masu sa kuzari duk suna da shi, a haɗa lissafi. Yana jimawa a jiki, bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan, saboda haka wanda ya sha bayan la'asar kada ya yi mamaki in barci ya ƙi zuwa. Mai hawan jini ko bugun zuciya ya tambayi likitansa tukuna. Masu ƙarancin jini kuma su raba shi da lokacin cin abinci, don yana rage yadda jiki ke zuƙar sinadarin ƙarfe.

Dan_Kasuwa_Illela:
To wanda anka hana kofin baki ɗaya, ga ƙwallon dabino. A wanke, a shanya, a soya shi a kasko ba mai har ya yi duhu, a daka. Matata na yi. Ku daina zubar da ƙwallayen da kunka cire.

Engr_Mustapha_Bado:
Na sha, Alhaji. Yana da ƙamshin gashi kuma babu kafeyin a ciki, amma gaskiya ba kofi ba ne, wani abin sha ne daban. Kuma a yi hankali da blenda, ƙwallon yana da tauri, turmi ya fi.

Malam_Na_Hubbare:
Wani abu da zai ba ku sha'awa game da aya: a ƙasar Sifaniya, yankin Balansiya, suna noma ta suna yin kunu da ita da suke kira orcata, da sanyi suke sha lokacin zahi kamar mu. Har daga Nijar da maƙwabtanta ake kai masu aya. Abin da muke gani a hwaranti bakin Tsohuwar Kasuwa.

Ummu_Sadiq_Mabera:
Jama'a na dawo da rahoto. Na bi hanyar Anti Nana, jiƙo tun daren jiya, dabino shida, tata sau biyu, na bar farin ƙasan. Kofin na narkar da ɗan ruwa na bar shi ya huce kamar yadda Hajiya ta ce, ƙanƙara kuma ta fiya wata. Alhamdu lillahi bai tsinke ba, kuma yanzu awa huɗu cikina shiru. Abu biyu ne suka rage. Zaƙin ya ɗan yi mini yawa, gobe dabino huɗu zan sa. Sannan da na ajiye rabin tambulan na je na idar da sallah na dawo, na tarar ya fara rabuwa, sai da na juya ya koma daidai. Haka yake dama, ko akwai abin da zan ƙara?

Nana_Runjin_Sambo:
Haka yake, juyawa kawai. Wanda ake sayarwa a kwali ne ba ya rabuwa, don ana sa masa abin da ke riƙe shi.

Zee_Minanata:
Ki gwada na waken suya ko sau ɗaya kafin ki yanke hukunci, shi bai cika kwanciya haka ba.

Abu_Hanif_Arkilla:
Ko ki jefa 'yar kwakwa a markaɗen. Bashir, kai fa, ka samu mai firizar solar a Gawon Nama?

Bashir_Gawon_Nama:
Na samu ɗaya bayan masallacinmu, sai dai kafin azahar ta ƙare masa. Gobe da sassafe zan aika yaro da kula. Anti Nana, gwangwanin da kike aunawa da shi ƙarami ne ko babba?